Buhun da Ake Kira da Sunana

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma a garuruwa daban-daban na harhaɗa shi, kuma ina tsoron wanda ya karanta ya ce yarinyar nan ƙyashin jinyar ubanta take yi. To, ya faɗa. Na gaji da ba bango labari.

Sunana Otilia, amma Tila ake ce mini. Mu masu bin bukukuwa ne. Duk garin da ake bikin waliyyinsa, daga Zacatecas har cikin Durango, za ka same mu da rumfarmu kusa da babban lilo, muna soya churro, wani dogon cincin na ƙullun fulawa, muna barbaɗa masa sukari da kirfa, muna kaɗa alawar auduga. Mama ke kwaɓa ƙullu. Ni ce a bakin kasko, can baya, inda ba sai na yi wa kowa magana ba. Gidanmu tirela ce fara, mai gadaje da ɗan kicin a ciki, a-kori-kurar Baba ke jan ta. A cikinta na yi rarrafe. Idan sanyi ya shigo kuma bukukuwa suka ɗauke, mukan ajiye ta a filin gidan Gwaggo Chole, yayar Baba, a Sombrerete, mu jira hanya ta buɗe.

A wannan zaman jiran ne ɓarin jikin Baba ya shanye. Yana wanke mota ya faɗi. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun dama da ƙafar dama sun daina jin magana, bakinsa ya karkace, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Kowa ya san ba zai ƙara hawa matakalar tirela ba. Yayana Baldomero, da muke ce wa Baldo, ya karɓi makullin mota. Duk lokacin da aka tayar da zancen wa zai zauna da Baba, sai Mama ta ce, “Za a san yadda za a yi,” ta tashi ta shiga kicin. Ni na ɗauka Gwaggo ce, da wata maƙwabciyarta da ke shigowa taya ta aiki. Na wanke kayana, na jera a akwatina, na tura shi ƙarƙashin gadona na cikin tirela kamar kowace shekara.

Ranar jajibirin tafiya ake ɗaura tirela. Baba bai taɓa yarda a bar aikin nan sai safiya ba. Ana azahar Baldo ya jawo motar zuwa wurin da ƙasa ta fi daidaita a filin, gaban bishiyar da Gwaggo ke shanya. Ni da Mama muka fito da Baba a kujerarsa muka zaunar da shi a inuwa, bargo a cinyarsa, don ya gani.

Ga yadda aikin yake. Idan ka ɗora hancin tirela a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, bayan motar sai ya durƙusa, gabanta ya ɗaga. Fitilu su kalli sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birki ya rage kamu. Shi ya sa akwai wasu sandunan ƙarfe biyu masu tauri da ake cusawa ƙarƙashin dunƙulen, a ja bakinsu sama da sarƙa a rataye jikin tirela. Su ne ke kwashe nauyin daga baya su mayar wa tayoyin gaba rabonsu. Amma kafin ka san ko sun mayar daidai, sai ka san inda gaban motar yake tun ba a ɗora mata komai ba. Wannan awon aikina ne tun ina ƙarama. Baba ba ya amfani da tef ɗin awo. Yana da wata sandar katako, tsohon ƙotar tsintsiya, ina kafa ta a ƙasa kusa da tayar gaba, in duba inda leɓen ƙarfen da ke saman tayar ya tsaya. Akwai tsagi da ya yi da wuƙa a daidai wurin.

Kuma Baba yana da doka: ba a awo sai kowa ya shiga ya zauna a inda zai zauna a hanya. “Mota ba ta san sunanka ba,” haka yake cewa, “nauyinka ta sani.” To ni ina waje riƙe da sanda, yaya za a yi da nauyina? Sai a ɗauko buhun sukarin rumfa a zaunar da shi a kujerata ta baya. Nauyinmu kusan ɗaya ne. Baba kan ɗaura masa bel, ya ɗora masa hulata, ya ce, “Tila ta biyu, a zauna da kyau, ban da surutu.” Kowa ya yi dariya, saboda ni da buhun babu wanda ya fi wani surutu.

Ranar, Baldo ya zagaya ya auna iskar tayoyi, ya tafa hannu.

“To jama'a, kowa kujerarsa.”

Mama ta shiga gaba, kusa da kujerar direba inda Baba ke zama da. Nereida, matar Baldo, ta shiga baya tana cin gyaɗa. Bara suka yi aure, kuma ba zan ɓoye ba, tunda ta zo ciniki ya ƙaru. Muryarta na kaiwa har bayan lilo. Idan ta ce, “Zo nan, kyakkyawa, ko kallo kika zo yi?” sai ka ga mace ta juyo tana dariya tana laluben jaka.

Na tsaya da sanda ina jiran a kawo buhu. Baldo ya shiga ya rufe ƙofa.

Na ɗauka mantuwa ce. Shekararsa ta farko ce, dole ya manta wani abu. Na jingine sandar na tafi rumfar ajiya, na jawo buhun da hannu biyu, yana share ƙasa a bayana. Na kawo shi har bakin ƙofar baya.

Baldo ya leƙo ta taga. “Ina za ki da wannan?”

“Kujerata, Yaya.”

“Kai shi tirela. Ki sa shi saman tayoyi, kusa da tukwanen gas.”

“Ai ba a yi awo ba.”

“Na sani. Kai shi.”

Ni ba mai jayayya ba ce. Ko a kasuwa aka ba ni ruɓaɓɓen tumatir karɓa nake yi in ce na gode. Amma wannan aikina ne, na san shi, sai na ce, a hankali, “Awon ba zai fito daidai ba, babu nauyina a ciki.”

Nereida ta daina tauna gyaɗa. Mama ta buɗe jakarta tana neman abin da babu.

Baldo ya ce, “Daidai zai fito.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, kunnen buhu a hannuna. Kazar Gwaggo ta zo tana tsattsagar sukarin da ya zube a inda na jawo shi. Na kalli kujerar baya. Ga wurin Nereida, ga wurina babu kowa, har da na tsakiya. Ba wuri ne ya yi kaɗan ba.

Na kai buhun tirela. Na sa shi inda aka ce, saman tayoyi, ɗan gaba kaɗan, don kaya masu nauyi ba a sa su can baya, tirela sai ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Na dawo na ɗauki sanda na durƙusa.

Tsagin Baba bai yi daidai ba. Baba mutum ne mai jiki, da shi a gaba motar takan ɗan sunkuya. Yanzu babu shi, babu ni, leɓen ƙarfen ya tsaya sama da tsohon tsagin.

“Yaya, ya wuce tsagi.”

“To yi sabo mana.” Ya miƙo mini wuƙarsa ta taga.

Da hannuna na yi shi. Katakon ya bushe, wuƙar ta riƙa zamewa. Sabon tsagin ya fito fari tas, ɗan sama da na Baba wanda ya yi baƙi don tsufa da maiƙon hannu.

Baldo ya yi baya da mota, ina gefe ina nuna masa da hannu, hagu kaɗan, tsaya. Na juya jak ɗin tirela, hancinta ya sauko ya haɗiye dunƙulen, na rufe makullinsa. Bayan motar ya yi ƙasa, gabanta ya ɗaga kamar jakin da ya ƙi tafiya. Muka sake ɗaga su tare da jak, Baldo ya cusa sandunan, ya rataya sarƙa a zoben da Baba ya shafa wa jan fenti, ya danna da bututun ƙarfe har ta kama. Muka sauke. Ya koma kujerarsa. Na kafa sanda.

“Yaya dai?”

“Saura yatsa biyu.”

Ya fito yana tsaki, muka ɗaga, ya rage zobe ɗaya, muka sauke. Yanzu gaban ya matso, amma sandunan sun tashi sun kusa manne wa jikin tirela, idan aka sha kwana za su daki ƙarfe. Baba ya buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya. Bakinsa ya yi ta motsi.

“Ka... kai.”

“Na ji, Baba, na ji,” in ji Baldo. “Kan da ke riƙe da dunƙulen ne ke son a karkata shi.” Ya share gumi ya kalli matarsa. “Ke ma dai, Nereida, me kika loda a bayan motar nan? Duwatsu?”

“Takalmana ne, ranka ya daɗe. Ko so kake in yi ciniki da ƙafa a ƙasa kamar 'yar gudun hijira?”

“Takalma ko shagon takalma?”

“Ka auri mai ƙafa, sai ka ɗauki takalmi.”

Suka yi dariya. Har Mama ta yi, ɗan gajere, sannan ta ga ina kallonta ta haɗiye.

Karkata kan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an sauke tirela gaba ɗaya, a kwance manyan notuna, a ƙara washa ɗaya, ɗan faifan ƙarfe, a ciki don dunƙulen ya ɗan kwanta baya, a sake ɗaurewa. Baldo ya shiga ƙarƙashi da sifana. Mama ta ce bari ta duba ko an ɗaure kwanuka, ta shige tirela. Na bi ta.

Ta ba ni baya tana ta buɗe durowa tana rufewa.

“Mama.”

“Miƙo mini igiyar can.”

Na miƙa mata. “Yaushe aka yanke?”

“Tila, don Allah kar ki fara. Kaina ciwo yake.”

“Ban fara komai ba. Tambaya na yi.”

Ta zauna a bakin gadona. Ƙafarta na taɓa akwatina, ta sani, ta janye ƙafar.

“Gwaggonki ba ta iya ɗaga kanta daga kujera sai ta dafa bango, ita za ta ɗaga ubanki? Ni in na zauna wa zai kwaɓa ƙullu? Baldo ne direba. Nereida ke kawo mutane. Suya kuwa, kowa zai iya koya.”

Shekaruna nawa a bakin kaskon nan, hannuwana duk tabon mai. Kowa zai iya koya.

“Da sai ku gaya mini.”

“Da mun gaya miki me za ki ce? Kuka za ki yi ta yi a ɓoye har ranar tafiya, ki hana kowa sakewa. Na ce a bari sai an gama shiri.”

“Na wanke kayana, Mama. Kina gani na shanya su.”

Sannan ta ce, kamar mai sauke kaya daga ka, “Ni Nereida na so a bari, in kina son ki sani. Ta kusa fara laulayi, hanya ba za ta yi mata daɗi ba. Ubanki ne ya ƙi. Muka kira masa suna ɗaya-ɗaya yana girgiza kai. Da aka zo kanki ya ɗaga. Shi ya ce ke.”

Na fito. Rana ta karkata, inuwar bishiya ta bar Baba, haske na dukan rabin fuskarsa. Na ja kujerarsa baya zuwa inuwa, don hannuna ya riga ya saba. Na tsuguna a gabansa. A duniya babu wanda nake iya kallo ido cikin ido sai shi. Shi ya koya mini riƙe sanda. Shi ne idan malamin makarantar wani gari ya ce yarinyar nan ko kurma ce, yakan ce, “Tana ji, ta fi ka ji ma.”

“Baba, kai ka ce in zauna?”

Idonsa mai lafiya ya tsaya a kaina. Ɗayan yana ta zubar da ruwa, amma tun daga asibiti haka yake, ba kuka ba ne. Leɓensa ya fara rawa. Na matso. Na ce a raina duk abin da ya faɗa zan karɓa. Ya ce yana tsoro, zan karɓa. Ya ce hannuna ya fi taushi, zan karɓa. Ya ce yi haƙuri, shi ke nan, ya wadatar.

Ya ɗaga yatsa ya nuna bayana.

“Gi... giris.”

Na juya. Baldo ya gama ɗaure notuna, dunƙulen na tsaye a bushe, ya goge shi da tsumma bai sake shafa masa mai ba.

Na tashi na ɗauko gwangwanin giris, na lakato da yatsu, na shafe dunƙulen da bakin sandunan. Baba ya gyaɗa kai, ya lumshe ido, kamar an cire masa ƙaya.

Muka sake ɗorawa. Wannan karon sarƙar ta koma zoben jan fenti, sandunan suka kwanta a miƙe. Baldo ya ce kowa ya koma kujerarsa. Na durƙusa na kafa sanda. Leɓen ƙarfen ya sauko ya tsaya a kan farin tsagin, kamar da shi aka haife shi.

Ni kaɗai ke ganin wurin. Ba wanda zai san abin da na gani sai abin da na faɗa. Na tuna hanyar Durango, inda titi ke bin bakin dutse, da ranar da wata doguwar bas ta wuce mu iskarta ta ture tirela, Baba ya riƙe sitiyari yana cewa kar kowa ya motsa har ta dawo layi. Ranar ya ce da awo bai yi daidai ba da yanzu muna ƙasan kwari. Na tuna kuma gobe war haka za a kunna fitilun babban lilo, ja da kore, Fidencio mai kula da lilon zai wuce ta bayan rumfarmu da sifana a aljihu, kamar yadda yake yi a kowane gari, ya leƙo ya ce, “Yaya wuta, Tila?” Iyakar abin da yake cewa ke nan. Ni kuma in ce, “Tana ci.” Shekara biyu muna wannan hirar. Bana na yi niyyar in ƙara da, “Kai fa, yaya lilo?” Duk tsawon sanyin nan ina gwada faɗarta a bayan gida.

“Tila! Kin yi barci ne?”

“Ya yi, Yaya.”

“Daidai?”

“Daidai.”

Ya fito ya ja da baya ya ƙare wa motar da tirela kallo. Sun miƙe a layi ɗaya, ba durƙuso ba ɗagawa. Ya daki kafaɗata. “Kin ga? Na ce miki daidai zai fito.” Sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya sosa ƙeya. “Ba fa har abada ba ne, ƙanwata. Baba na samun sauƙi za mu zo mu ɗauke ku.”

Ni da shi duk mun ji abin da likita ya ce.

Na ce, “Akwatina na ciki. In na cire, sai an sake awo?”

Ya yi dariya, da gaske ya ɗauka wasa nake. “Wannan ɗan akwatin? Mota ba za ta ma san an cire ba.”

Nereida ta taya ni fito da shi. A bakin ƙofar Gwaggo ta rage murya. “Wallahi ni ban so ba, Tila. Na ce a gaya miki tun tuni.” Na yarda da ita. Sai ta tsunkule ni a hannu, don ba ta iya barin magana ta ƙare da nauyi. “In gaishe miki da mai lilo? Kar ki ce ban gani ba, 'yar shiru-shiru.”

“Kar ki ce masa komai.”

“In ya tambaya fa?”

“Ki ce wuta na ci.”

Gwaggo ta nuna mini ɗan ɗakin da ke kusa da na Baba. An riga an share shi, an shimfiɗa zanen gado mai furanni, har da ƙusa a bango don rataye kaya. Ƙusar ba sabuwa ba ce, ta fara tsatsa. Kenan ita ma ta daɗe da sani. Kowa ya sani, har maƙwabciya. Ni da buhu ne kawai ba a gaya wa ba, shi kuma buhun zai tafi.

Washegari da hantsi suka tashi. Na zagaya na duba sarƙoƙin tsaro sun gitta juna ƙarƙashin hancin tirela, na cusa wayar fitilu, na tsaya a baya Baldo na taka birki ina ɗaga masa hannu. Na cire duwatsun da ke tare da tayoyi. Sandar awo na miƙa wa Nereida ta taga, na nuna mata farin tsagin, na ce wannan ne, ba baƙin ba. Mama ta rungume ni tana cewa in riƙa juya shi kar bayansa ya yi gyambo. Suka fita ta ƙofar fili a hankali, tirelar na bin motar tiryan-tiryan, ko rangaji babu.

Na rufe ƙofar. Na shiga na ɗaga Baba, na wanke masa fuska, na canja masa riga, na zaunar da shi. Na dafa kofi. Baba mai son zaƙi ne, cokali uku yake sha, duk gidan an sani. Gwangwanin sukarin Gwaggo na kan kanta, cike. Na kalle shi, na ɗauki kofin haka ba sukari na kai masa.

Ya kurɓa, ya yamutsa rabin fuskar da ke motsi, ya ɗago ya kalle ni. Na riƙe masa kofin har ya shanye, sannan na goge masa baki.